Kaburburan da ke Ƙarƙashin Kurkuku: Tsibirin Robben da Tambayar Wanda Ya Cancanci Tunawa

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta birnin Kef Tawun na ƙasar Afirka ta Kudu, idan gari ya yi wasai, zai hango wani tsibiri a shimfiɗe bisa ruwa kamar an kife faifai. Wannan shi ne tsibirin Robben. Girmansa murabba'in kilomita 5 ne da ɗan ɗoriya, jirgin fito kuwa kan kai mutum can cikin kamar rabin sa'a. Da zarar an ambaci wannan tsibiri, suna ɗaya ne ke faɗo mana a rai, wato Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 18 daga cikin shekaru 27 na ɗaurinsa a can.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba game da kurkukun da aka tsare Mandela a cikinsa. Lokacin da gwamnatin wariyar launin fata ta sa fursunoni suka gina shi a farkon shekarun 1960, an aza wani sashe na ginin ne a kan kaburburan kutare waɗanda aka killace a tsibirin tun kafin a haifi Mandela. Ke nan maziyarcin da ya je yau domin ganin ɗakin gwarzon Afirka yana iya taka makwancin wani bawan Allah da ba a ma san sunansa ba. Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin dubawa ita ce: idan wuri ɗaya ya haɗiye wahalar al'ummomi daban-daban, me ya sa muke tuna wasu mu manta da wasu? Shin akwai adalci cikin wannan zaɓe namu?

Tarihin Tsibirin Hawa-Hawa

Kafin mu shiga muhawara, ya kamata mai karatu ya san waɗanda suka zauna a tsibirin, domin tarihinsa hawa-hawa ne kamar tubalin gini, kowane zamani ya ɗora nasa a kan na baya.

Hawa na farko shi ne na Turawan Holan. A 1652 Jan van Riebeeck ya kafa zangon kamfanin cinikinsu a gaɓar da ta zama Kef Tawun, kuma ba a jima ba aka mai da tsibirin wurin jefa duk wanda ya dami kamfanin. A 1658 aka kai Autshumato, wani shugaban mutanen Khoikhoi 'yan asalin wurin, wanda ya tsere cikin ƙaramin kwalekwale a shekarar da ta biyo. 'Yar'uwarsa Krotoa, wadda ta yi wa Turawan aikin tafinta tun tana yarinya, a tsibirin ta rasu a 1674. Fursunonin wancan zamani su ne suka riƙa fasa duwatsun da aka yi aiki da su wajen gina ganuwar sojan kamfanin da wasu gine-ginen birnin.

Daga bisani kamfanin ya shiga kawo sarakuna da malamai Musulmi waɗanda suka bijire masa a tsibiran da a yau ake kira Indonesiya. Daga cikinsu akwai Sayyid Abdurrahman Moturu, wanda ya rasu a tsibirin a 1754, hubbarensa kuwa yana nan dab da kurkukun. Akwai kuma Imam Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam, ɗan gidan sarautar Tidore, wanda aka fi sani da Tuan Guru. An kawo shi a 1780, ya rubuta Alƙur'ani da ka yana tsare, bayan an sake shi a 1793 ya buɗe makaranta a Kef Tawun. A wurin makarantar aka kafa Masallacin Auwal a 1794, masallaci na farko a ƙasar baki ɗaya.

Hawa na biyu na Turawan Ingila ne, waɗanda suka karɓe yankin a 1795, sa'an nan suka tabbata a cikinsa daga 1806. Su kuma shugabannin Xhosa da suka yaƙe su suka riƙa kaiwa. Makhanda, wanda ya jagoranci dubban mayaƙa suka kai wa garin Grahamstown hari a 1819, ya nitse a teku a 1820 yana ƙoƙarin tserewa daga tsibirin. Sarki Maqoma kuwa a can ya cika a 1873, yana tsoho.

Hawa na uku shi ne wanda ya fi daɗewa a jere fiye da zamanin Mandela, amma shi aka fi mantawa. Daga 1846 zuwa 1931 tsibirin ya zama asibitin kutare da masu taɓin hankali da gajiyayyun da ba su da mai jinya. Da farko ba kowane kuturu ake tilasta wa zuwa ba. Amma dokar da ta fara aiki a 1892 ta halatta a kama duk mai kuturta a kai shi ko yana so ko ba ya so. Aka raba maza da mata, aka raba farare da baƙaƙe. A 1892 ɗin nan majinyatan suka yi bore a ƙarƙashin wani daga cikinsu mai suna Franz Jacobs, wanda ya rubuta wa Sarauniya Biktoriya takardar kuka. Da aka kwashe sauran kutaren a 1931, sai aka cinna wa gidajensu wuta domin tsoron cutar. Abin da ya tsira shi ne cocinsu da wani yanki na maƙabartarsu.

Bayan haka soja suka riƙe tsibirin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka girka manyan bindigogi domin tsaron tashar jiragen ruwa. A 1961 aka mai da shi kurkuku mai tsananin tsaro. Robert Sobukwe, shugaban jam'iyyar PAC, ya gama wa'adin shekara 3 da aka yanke masa bayan kisan Sharpeville na 1960, amma majalisa ta ƙirƙiro wani sashen doka dominsa shi kaɗai, aka tsare shi cikin wani ɗan gida a keɓe daga 1963 zuwa 1969. Mandela da Walter Sisulu da Govan Mbeki da Ahmed Kathrada sun iso a 1964. Lambar Mandela 466/64. An ba fursunoni baƙar fata gajeren wando, abincinsu bai kai na Indiyawa da ruwa-biyu ba, wasiƙa ɗaya da baƙo ɗaya ake yarda musu cikin wata shida. Sun yi shekaru suna haƙar farar ƙasa a cikin rana har hasken ya lalata wa da yawansu idanu. Mahaifiyar Mandela ta rasu a 1968, babban ɗansa a 1969, ba a bar shi ya halarci jana'izar ko ɗaya ba. Fursunonin siyasa na ƙarshe sun bar tsibirin a 1991, masu manyan laifuffuka a 1996. A 1997 ya zama gidan tarihi, a 1999 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Kowane Zamani da Hujjarsa

Idan muka dubi waɗannan hawa-hawa, abu na farko da za mu lura da shi shi ne, babu zamanin da ya kai mutane tsibirin yana cewa zalunci yake yi. Turawan Holan sun ce ciniki suke karewa. Turawan Ingila sun ce zaman lafiyar kan iyaka suke nema. Likitoci da 'yan majalisar da suka yi dokar kutare sun ce lafiyar jama'a suke tsarewa. Gwamnatin wariya ta ce 'yan ta'adda take ɗaurewa. Kowa da hujjarsa, kuma mutanen birnin da ke kallon tsibirin safe da yamma sun karɓi hujjar zamaninsu, suka ci gaba da harkokinsu.

Abu na biyu shi ne aikin da ruwa ya yi. Haƙiƙa ruwan nan mai sanyi da igiyoyi ya hana ɗaurarru fita, amma ya yi wani aikin da ya fi wannan girma, wato ya hana kukansu isa kunnen mutanen gari. Kurkukun da ke tsakiyar kasuwa, dole mai wucewa ya ji nishin na ciki, ya ga matar da ta kawo abinci aka kore ta. Wanda ke hayin teku kuwa ana hango shi daga nesa, ba a jin komai. Mutum kan iya yin shekara hamsin yana kallonsa bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikin mazaunansa ba. A ganinmu wannan shi ne sirrin da ya sa gwamnatoci huɗu masu bambancin aƙida suka zaɓi wuri guda. Kowace ta buƙaci inda za ta ajiye mutum ba tare da ta kashe shi ba, ba kuma tare da jama'a sun ci gaba da ganinsa a matsayin mutum ba.

Waɗanda Muke Tunawa

To, tun da duk sun sha ruwan tsibiri ɗaya, me ya sa sunan Mandela ya cika duniya, na Franz Jacobs kuwa sai masu tonon tarihi? Amsar da ta fi sauƙi ita ce, labarin Mandela ya ƙare da nasara. An sake shi ranar 11 ga Fabrairu 1990, ya zama shugaban ƙasa a 1994, wasu biyu daga cikin fursunonin tsibirin, Kgalema Motlanthe da Jacob Zuma, su ma sun hau wannan kujera daga baya. Haka shi ma Tuan Guru, jikokin almajiransa suna nan suna salla a masallacin da ya bari. Makhanda ya mutu a ruwa, amma a 2018 an canza wa garin da ya kai wa hari suna zuwa nasa. Duk waɗannan suna da magada, masu jam'iyya ko masallaci ko ƙabila, waɗanda tunawa da su ke ƙara wa daraja.

Kuturu fa? Wa zai tashi cikin taro ya yi alfaharin cewa kakansa kuturu ne da aka killace? Mai taɓin hankali wa ya gaje shi? Danginsu da yawa sun ji sanyi da aka ɗauke musu abin kunya daga gida. Saboda haka an yi musu kora biyu, ta farko daga gari suna raye, ta biyu daga tarihi bayan sun mutu.

Akwai dalili na biyu wanda ya fi na farko ɗaci. Tunawa da Mandela ba ta cin mana komai. Wanda ya ɗaure shi Bature ne mai aƙidar da duniya ta riga ta la'anta, don haka idan mun yabi ɗaurarren muna jin kamar mu ma muna cikin sahun masu gaskiya. Amma wanda ya killace kuturu ba dodo ba ne. Likita ne da limamin coci da maƙwabci mai tsoron kada 'ya'yansa su kamu. A taƙaice, irinmu ne. Mu da muke da karin magana barkatai masu yi wa kuturu ba'a, muke kuma janye hannu idan ya miƙo nasa, ba mu da bakin cewa da muna Kef Tawun a 1892 da mun tsaya masa. Tunawa da shi tana tuhumar mu, shi ya sa ba ma son ta. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da Mai Ja Zai Ce

Adalci ne mu saurari mai ja da wannan ra'ayi, domin yana da hujjoji masu nauyi. Da farko zai ce ba daidai ba ne a haɗa Mandela da kuturu a ma'auni ɗaya. Mandela zaɓa ya yi. Yana da aikin lauya, yana iya yin shiru ya ci abincinsa, har a 1985 an yi masa tayin saki bisa sharaɗi ya ƙi. Kuturu kuwa ƙaddara ce ta faɗa masa. Gwarzo ake yabo, wanda masifa ta afka wa sai dai a tausaya masa.

Mun yarda da rabin wannan magana. Babu shakka yabo na wanda ya zaɓi wahala domin wasu ne, kuma ba mu neman a rage wa Mandela ko ƙwayar zarra daga abin da ya cancanta. Amma yabo daban, tunawa daban. Muna yabon mutum saboda abin da ya yi, muna tuna shi saboda abin da aka yi masa da kuma kasancewarsa ɗan Adam. Idan muka ce sai gwarzo za a tuna, to mun ce ke nan wahalar talaka ba ta da nauyi sai idan ta haifi shugaban ƙasa. Wannan kuwa ita ce ainihin aƙidar da Mandela ya yaƙa, wato cewa darajar mutum tana rataye da ajinsa. Bugu da ƙari, mutanen da suka yi bore suka rubuta wa sarauniya takarda da yatsun da cuta ta ci, ba za a ce ba su san zaɓi ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Mai ja zai ce killace kutare ba zalunci ba ne, larura ce. A wancan zamani babu magani. Sai a 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar, maganin farko mai aiki bai samu ba sai a shekarun 1940, haɗin magungunan da ake warkar da ita da su a yau kuwa a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Yaya za mu zargi mutanen wancan zamani da rashin sanin abin da ba a riga an gano ba?

Wannan gaskiya ne, kuma bai dace mu yi wa magabata hukunci da ilmin da ba su da shi ba. Ba su san cewa kuturta ba ta saurin yaɗuwa ba, ba su san cewa jikin mafi yawan mutane yana iya ture ta da kansa ba. Sai dai tsoron cuta bai bayyana dalilin raba farin kuturu da baƙi ba, alhali ƙwayar cutar ɗaya ce. Bai bayyana dalilin haɗa su tsibiri ɗaya da masu taɓin hankali da gajiyayyu, waɗanda ba sa harbin kowa ba. Bai kuma bayyana dalilin aza harsashin kurkuku a kan kaburburansu shekara talatin bayan tashinsu ba. Jahilcin cuta uzuri ne a kan killacewa, amma ba uzuri ba ne a kan wulaƙanci. Inda uzurin ya tsaya, nan alhakin ya fara.

Hujja ta uku ita ce ta mai cewa a bar kaza cikin gashinta, ƙasar da ke neman sulhu tana buƙatar labari ɗaya mai haɗa kai, labarin ɗaurarren da ya fito ya yafe. Mun fahimci wannan buƙata. Amma al'ummar da ta koyi cewa kuskuren tsibirin shi ne an kai mutanen kirki can, ba ta koyi komai ba tukuna, domin gobe za ta sami waɗanda take ganin ba na kirki ba ne ta nema musu wani tsibirin. Darasin da ya fi amfani shi ne a gane cewa kowane zamani ya tabbata mutanen da ya kai can sun cancanta.

Namu Tsibirin

Mu 'yan Nijeriya muna alfahari, kuma da gaskiyarmu, da irin gudummawar da ƙasarmu ta bayar wajen yaƙi da wariyar launin fata. A 1976 aka kafa asusun taimakon kudancin Afirka wanda ma'aikata da ɗalibai suka zuba kuɗi a ciki, kuma Mandela ya zo ya yi godiya a 1990, watanni kaɗan bayan sakinsa. Amma a daidai shekarun da muke kiran a rufe Robben, gwamnatin sojan ƙasarmu ta buɗe sansanin tsare mutane a tsibirin Ita-Oko da ke yankin Epe na Jihar Legas a ƙarshen shekarun 1970. An ajiye mutane a can ba tare da shari'a ba, ba a kuma rufe shi ba sai a ƙarshen shekarun 1980 bayan masu kare haƙƙin ɗan Adam sun tona asirinsa. Mu nawa ne za mu iya kiran sunan mutum ɗaya da ya zauna a can?

Ba lallai sai da teku ake yin tsibiri ba. Mafi yawan waɗanda ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, wasu har su wuce wa'adin laifin da ake tuhumarsu da shi. Akwai mai taɓin hankalin da aka sa wa mari aka rufe a ɗakin bayan gida. Akwai unguwannin kutare a gefen garuruwanmu, inda 'ya'yan waɗanda suka warke tuntuni ke shan wahalar samun aure. Muna wuce su kullum kamar yadda mutanen Kef Tawun suka riƙa hango Robben, kuma mu ma muna da hujjojinmu.

Kammalawa

A 1995 tsofaffin fursunonin siyasa sama da dubu suka koma tsibirin domin ganawa. Da suka isa wurin da suka yi shekaru suna haƙar farar ƙasa, Mandela ya ɗauki dutse ya ajiye a ƙasa, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya har duwatsun suka zama tsibi. Tsibin yana nan, duwatsun manya da ƙanana, launi daban-daban, ba a rubuta sunan kowa a kansu ba. Waɗanda suka tara shi sun cancanci wannan alama. Abin da muka yi ƙoƙarin nunawa shi ne, mazauna tsibirin sun fi waɗanda suka sami damar komowa yawa nesa ba kusa ba, kuma saura ba su da mai ajiye musu dutse sai mu.

Mun ga cewa kowane zamani ya kai mutane tsibirin da hujjar da ta gamsar da shi, mun ga cewa muna fifita tunawa da wanda labarinsa ya wanke mu a kan wanda labarinsa ya tuhume mu, mun kuma amsa cewa gwarzo ya fi cancantar yabo ba tare da ya fi kowa cancantar a san an zalunce shi ba. Shawararmu ga ɗalibai da malamai ita ce, idan an zo karantar da tarihin Robben a faɗi sunan Krotoa da Franz Jacobs tare da na Mandela da Sobukwe. Wanda kuma ke neman abin da zai yi bincike a kai, ga unguwar kutaren garinsu nan da gidan yarin garinsu, akwai tsofaffi a ciki waɗanda har yau ba wanda ya zauna ya tambaye su yadda aka yi suka zo wurin.